Waƙar talla ko waƙar fada?

Matashin mawaƙi a Damagaram yana da hanya biyu. Ta farko, ya yi wa mai shago a Kasuwar Dole waƙar talla: man shafawa mai sa fata haske, atamfa, sabuwar waya. A bidiyon, budurwa fara sol tana murmushi ba ta cewa uffan, saurayi na kaɗa makullin mota ta aro. Kuɗi na shigowa nan take, gidan rediyo ma na maraba da ita.

Ta biyu ita ce waƙar fada (majalisar hirar samari), wadda ake tsarawa a bakin butar shayi, ana ɗauka da waya. Ita ce ke tambayar wa ya ce baƙar fata aibi ce, me ya sa kayan ɗaki ke jefa uwar amarya cikin bashi, me ya sa ba a nuna samarin unguwar Kara-Kara sai a labarin faɗa. Har 'yan mata na karɓar baiti su mayar da martani da bakinsu. Wannan ba ta kawo ko dala, wani lokaci ma sai tsawar manya. Amma ita nake ji a wayar ɗan kabu-kabu, ya haddace ta tsaf.