Wane ganyen shayi za ka saya? A tambayi hanci da harshe tukuna

Duk wanda ya taɓa zama a fada, wato majalisar hira da shan shayi, a Maradi bayan la'asar ya san gardamar nan: wani ya ce ganye kaza ya fi, wani ya ce ai ba a kama ƙafar ganye kaza ba. Abin mamaki, yawancin masu gardamar ba su taɓa ɗanɗana ganyen ba sukari ba. Sukari kuwa mai rufin asiri ne, ko ganye ya tsufa ya mutu, in ka zuba masa da yawa sai ya wuce a baki.

Ganyen da muke dafawa a ƙaramar buta kan gawayi, kore ne, kuma daga ƙasar Sin ake kawo shi. Iri biyu ne suka cika kasuwa. Na farko mai ƙwaya, wanda aka murza kowane ganye ya dunƙule kamar ƙwayar gero. Turawa sun sa masa sunan albarushi saboda kamarsa, asalinsa yankin Zhejiang, kuma lambar da aka fi gani a kwalinsa ita ce 3505. Na biyu dogo ne siriri mai ɗan lanƙwasa, Sinawa na ce masa Chunmee, wato gira mai daraja, don ya yi kama da girar ido. Shi ne mai lambobi 41022, 4011 da 9371. Sunan da aka rubuta da manyan baƙaƙe a kwali na ɗan kasuwar da ya shigo da shi ne. Lambar ce ke gaya maka irin ganyen da matakinsa, a bisa al'ada 41022 na sama da 9371. Amma lamba tawada ce kawai, kowa na iya bugawa, shi ya sa nake cewa a buɗe a gani.

Mai ƙwaya yana da nauyi a baki, da ɗan ƙamshin hayaƙi, kuma a hankali yake warwarewa cikin ruwa. Wannan jinkirin ne amfaninsa: dahuwa ta farko ba ta kwashe masa ƙarfi duka, ta biyu ta fito da garɗi, ta uku ma da saura. Dogon ganye ya fi saurin saki. Yana da bauri mai kama harshe da ɗan tsami-tsami a ƙarshe, kuma mai kyau daga cikinsa yana tada kumfa mai kauri da ke zama a finjali. Ni dai ina gefen dogon ganye in mutane kaɗan ne kuma ana sauri. In zaman zai kai har isha'i, ana shiga ana fita, mai ƙwaya ya fi jure wuta.

Ga yadda nake yi a gaban mai kanti. In ce, Alhaji, a ɗan zuba mini a tafi. Ƙwayoyin su zama ƙanana, a matse, masu ɗan sheƙi, girmansu kusan ɗaya. In ka ga itace-itace da gari sun taru a tsakiyar tafinka, an yi maka gauraye. Sai ka hura masa numfashi kaɗan, ka kai hanci. Ganye mai rai yana ƙamshin ciyawar da aka shanya a inuwa. Wanda ya kwana biyu ba ya ƙamshin komai, wanda damina ta taɓa kuwa warin fumfuna yake yi. Akwai kuma matsalar da ba a cika lura da ita ba: ganyen shayi yana zuƙar warin duk abin da ke kusa da shi. Na taɓa sayen kwali a wani ɗan tebur da aka jera shi tare da sabulu da maganin sauro, muka sha shayi mai ƙamshin wanki har ya ƙare.

A gida, kafin ka saya da yawa, gwada ƙaramin ƙunshi. Ɗauraye ganyen da ruwan zafi ka zubar, sannan ka dafa, ka kurɓa kaɗan ba sukari, ka riƙe a baki. Ɗaci dole ne, amma akwai ɗacin da ke wucewa ya bar ɗan zaƙi a bayan harshe, akwai kuma mai tsayawa a maƙogwaro yana maƙaƙi. Na farkon ake nema. In ka ji ƙauri, kada ka yi saurin zargin ganye, wataƙila wutarka ce ta yi yawa. Na'ana'a, citta da kanumfari a bar su sai an gama wannan gwajin, don su ma suna rufe aibu.

Baƙin ganye na teburin mai shayi, wanda ake sha da madara da burodi, daga itace ɗaya yake da koren. Bambancin a aiki ne: kore ana gasa shi ko a turara da zarar an tsinko, baƙi kuwa ana murza shi a bar iska ta dafa shi har ya yi duhu. Kenya ce babbar mai nomansa a Afirka, ana kuma nomansa a tsaunin Mambila a jihar Taraba. Yana da kyau da safe, amma kada ka sa shi a butar fada, dahuwa ɗaya ya gama bayarwa. Wanda kuma shayi ke hana shi barci, ganyen geza, wato kinkiliba, yana nan a dajinmu.

In ka samu wanda ya yi maka, juye shi cikin gwangwani mai murfi, nesa da rana da turaren uwargida. Lokacin hunturu kana iya sayen babban kwali, da damina kuwa sayi na sati biyu kawai.