Lissafin ragi a jarrabawa: a cire kuɗin ragi, ko a ninka da abin da ya saura?

Ɗan'uwa, ka tambaya wace hanya ta fi wajen warware tambayar ragin farashi a JAMB da WAEC: a fara nemo kuɗin ragin a cire, ko a tafi kai tsaye ga abin da za a biya.

Ga misali. Shadda ta naira 24,000, an yi ragin kashi 15 cikin 100. A hanya ta farko, kashi 10 shi ne 2,400, kashi 5 rabinsa ne, 1,200, ka haɗa 3,600, ka cire, saura 20,400. A ta biyu kuwa, tunda an rage 15, mai saye zai biya kashi 85 ke nan. Ka ninka 24,000 da 0.85, ga 20,400. A nan duk ɗaya ne, ta farkon ma ta fi daɗin yi da ka, kuma ita ce daidai idan kuɗin ragin kansa ake tambaya.

Inda suke rabuwa shi ne idan aka juya tambayar. An ce mutum ya biya 17,000 bayan ragin kashi 15, nawa ne farashin asali? Wanda ya saba da hanyar farko kaɗai sai ya nemo kashi 15 na 17,000, wato 2,550, ya ƙara, ya sami 19,550. Kuskure ne, domin ragin a kan farashin asali aka yi shi, ba a kan abin da aka biya ba. Abin takaicin, irin wannan amsar sau da yawa tana nan cikin zaɓin A zuwa D, ɗalibi ya gan ta ya ɗauka ya dace. Mai hanya ta biyu ya san 17,000 ita ce kashi 85, sai ya raba da 0.85 ya sami 20,000.

Haka ragi a kan ragi. Kashi 20, sannan kashi 10: 0.8 sau 0.9 ya ba da 0.72, ragin duka kashi 28 ne, ba 30 ba.

Ni dai ta biyun nake so ka riƙe sosai. A JAMB tambaya 180 ce cikin awa 2, daƙiƙa 40 ke nan kowace ɗaya, kuma hanya ta biyu mataki ɗaya ce. A ɓangaren rubutu na WAEC kuwa, kowacce ka bi, ka rubuta matakanka a fili, domin ana ba su maki.