Makonni takwas a zauren karatun mata a Kassala

Tun da yaƙin Sudan ya sa muka baro garin Wad Madani a watan Disamba na 2023 barci ya ƙaurace mini. Yayana bai fito tare da mu ba, ta waya muka ji rasuwarsa, ko makararsa ban gani ba. A Kassala ina girki, ina wanki, ina amsa gaisuwa, amma hawaye ko ɗigo babu, sai nauyi a ƙirji kamar dutsen niƙa. Gwaggona ce ta ce, "'Yar nan, wannan shirun naki ba haƙuri ba ne, ciwo ne." Ita ta ja ni zuwa zauren karatun da ake yi wa mata duk Talata bayan la'asar, a wata makarantar da 'yan gudun hijira ke zaune. Ba a karɓar ko sisi.

Malamar ta karanci lafiyar ƙwaƙwalwa. Takan karanta gajeriyar waƙa sau biyu, kowa ta faɗi baitin da ya taɓa ta, sannan a raba takarda a yi rubutu na minti 15, ba mai duba kuskure. Ta ce wani masani a Amurka, James Pennebaker, ya gwada irin wannan rubutun a wani binciken da ya wallafa a 1986, inda ya sa ɗalibai suka rubuta abin da ke cin ransu kwana huɗu a jere.

Makonni biyun farko ban ji komai ba. Waƙoƙin duk na Larabci ne, har da marsiyyar da Khansa'u, mawaƙiyar Larabawa ta zamanin da, ta yi wa ɗan'uwanta Sakhr. Larabci na yi karatu da shi tun firamare, na gane kowace kalma, amma ba da shi nake kiran Yaya ba.

A mako na uku wata dattijuwa 'yar Maiurno, garin Hausawa da Fulani a Sudan, ta nemi izini ta rera wata marsiyya da Hausa, wadda ta koya a bakin kakarta. Da ta gama sai ta dube mu ta ce, "'Ya'yana, Nana Asma'u 'yar Shehu ma ta yi wa ɗan'uwanta Muhammadu Bello marsiyya da ya rasu. Wa ya ce muku kuka rashin tawakkali ne?" Ashe abin da ya ɗaure ni ke nan. Tsoro nake kada kukana ya zama jayayya da ƙaddara. Ranar na rubuta wa Yaya layi shida da ajami, kan yadda yake dafa mana jabana, wato kofin Sudan, da citta ranar Juma'a, na karanta a fili, na yi kukan da na yi wata da watanni ina haɗiyewa. Daren nan sai kiran asuba ne ya tashe ni.

Zauren yana da nasa gyaran. Mun yi yawa, wani lokaci rabinmu ba sa samun magana. Tagogin ba marufi, yara na leƙe, wasu matan dole suka riƙa ɓoye abin da ya fi damunsu. Abin da ya fi sosa mini rai shi ne ranar da wata ta buɗe cikinta gab da magariba, aka tashi aka bar ta da rauninta a buɗe har wani makon. Ya kamata a samu mai zama da irinta bayan an watse.

Na yaba wa malamar da ba ta taɓa cewa waƙa na maye gurbin asibiti ba. Maƙwabciyata da ke firgita da dare duk ta ji ƙarar babur, kai tsaye ta tura ta wurin likita, kuma sai da aka haɗa mata da magani.

Wadda duk aka yi wa rashi ta kasa furtawa, ina ba ta shawara ta je, ta kuma roƙi a bar ta ta yi da Hausa tun ranar farko. Ni yanzu littafina ya kusa cika, Talata mai zuwa kuma da Gwaggo za mu zauna, ta ce ita ma tana da wanda za ta rubuta wa.