Hattara da masu kawo garin zinare su ce "duba min"

Jama'a, a yi hattara. Akwai 'yan damfara da ke yawo da garin zinare a ƙulle cikin leda, kuma wanda ya san zinare suke farauta, musamman mai ji da kansa a kan sanin.

Baffana ya fi shekara ashirin yana saye da sayar da zinare. Wata rana wani saurayi ya zo rumfarsa, kaya duk ƙura, murya a sanyaye. Ko kalmar sayarwa bai furta ba. Ya ce: "Baba, taimako na zo nema. Da wannan aka biya ni a wurin haƙa a Zamfara, ni kuwa ban san kansa ba, ina tsoron an cuce ni. An ce duk layin nan babu mai ido irin naka." Baffa ya gwada ɗan abin da ya miƙo da ruwan gwaji, ya fito zinare na gaske. Sai yaron ya ce sauran yana masaukinsa, amma ba zai wahalar da dattijo cikin rana ba, bari ya kai wa Alhajin bakin ƙofa, an ce shi ma ya iya.

Wannan Alhajin kuwa sun daɗe ba sa ga maciji da Baffa. Nan take Baffa ya miƙe, ya ɗebi kuɗi. Ko yaron shagonsa bai ɗauka ba, don saurayin ya roƙe shi kada wani ya ji: lokacin gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara tun 2019, kowa a ɓoye yake harkar. A wani ɗaki mai duhu aka auna, aka biya. Da ya kai wa maƙeri a narka, garin tagulla ne, an ɗan barbaɗa na gaske a sama.

Da nake jin labarin sai na tuna wani gajeren labari da muka karanta a jami'a, "The Cask of Amontillado" na Edgar Allan Poe, marubucin Amurka, wanda ya fito a 1846. Montresor yana ƙullace da Fortunato, ya kuma san raunin mutumin: alfahari da sanin giya (giyar ba tamu ba ce, halin kuwa yana ko'ina). Sai ya tare shi a daren biki ya ce ya sayi ganga ɗaya ta giya mai tsada amma yana shakkar ingancinta, zai je wurin Luchesi, wani masanin giya, ya ɗanɗana masa. Jin sunan abokin hamayya ya sa Fortunato ya nace sai shi zai je. Suna gangarawa cikin kogon ƙarƙashin gida, tari yana damun Fortunato, Montresor yana ta cewa su koma saboda lafiyarsa, ga Luchesi nan. Duk lokacin da ya faɗi haka, mutumin ƙara kutsawa yake, har aka ɗaure shi da sarƙa aka gine shi cikin bango. Babu inda aka ja shi da ƙarfi. Haka aka yi wa Baffa, har da tausaya wa tsufansa.

Saboda haka, duk wanda ya fara da yabon idonka, ya ambaci abokin gasarka, sannan ya ce kayan yana wani wuri kuma kada kowa ya sani, ka zauna a rumfarka ka ce ya kawo. Gwajin samfur ba ya nuna komai game da sauran ledar. Mayen ƙarfe ma ba hujja ba ne, don yadda ba ya kama zinare haka ba ya kama tagulla. A narka kayan gaba ɗaya a gabanka, a wurin maƙerin da kai ka zaɓa, a gwada dunƙulen, sannan a yi maganar kuɗi.

Baffa bai kai ƙara wurin 'yan sanda ba, don kada Alhajin bakin ƙofa ya ji. Ina zaton yaron ya san haka tun kafin ya shigo kasuwar.