Gargaɗi ga masu shirin biki: mai katin gayyata da ya damfare mu ta Instagram

Jama'a, assalamu alaikum. Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan saboda kunya, amma jiya na ga shafin mutumin nan ya sake bayyana da sabon suna, hotunan nan dai su ne, har mutane suna ta tambayarsa farashi. Shi ya sa na ga shirun ya isa haka.

Bikin ƙanwata aka sa, aka ɗora mini nauyin katin gayyata da duk abin da ya shafi takarda: kati 400 da ambulan ɗinsu, ƙananan katunan godiya, da takardar tsarin liyafa. Saura mako bakwai lokacin. Na shiga Instagram ina dube-dube, na ci karo da wani shafi mai mabiya dubbai. Katunan da ke ciki sai wanda ya gani. Akwai mai ruwan zinare, akwai wanda aka yi wa yankan leza kamar leshi, akwai mai hatimin kaki a bayan ambulan. Na yi masa magana, ko minti biyar ba a yi ba ya amsa. "Hajiya, ki kwantar da hankalinki, aikinmu ke nan. Turo sunayen kawai ki ga ikon Allah."

Washegari da safe ya turo zane. Gaskiya ya yi kyau. Ga sunan ƙanwata da na ango cikin rubutu mai lanƙwasa, katin yana kwance a kan farin ƙyalle, furanni a gefe, har da inuwarsa. Na nuna wa Umma, ta ce, "Kai, masha Allah, har an buga?" Ni ma a raina kallon katin da aka buga nake yi masa. Ashe ba kati ba ne. Daga baya na fahimci akwai hotuna da aka riga aka tanada, ana samunsu kyauta ko a saya a intanet, mutum ya ɗora zanensa a kai cikin 'yan mintuna, ya fito tamkar an ɗauki hoton kati na gaske a kan tebur. Masu sana'ar kirki ma suna amfani da su don nuna wa mai aiki yadda abin zai kasance, ba laifi ba ne. Laifin shi ne a nuna maka shi a matsayin shaidar aikin hannu, alhali ko takarda ɗaya ba a taɓa ba.

Ya nemi kashi 70 cikin 100 a matsayin kafin alƙalami, wai takardar daga waje ake kawota. Na tura. Sunan da ke kan asusun bankin daban, sunan shafin daban, sunan da ya gaya mini daban. Na lura, na tambaya, ya ce asusun ƙaninsa ne, nasa yana da matsala. A nan ya kamata in tsaya, ban tsaya ba.

Bayan mako guda ya ce farantin da ake buga ruwan zinare da shi yana da kuɗinsa daban, ya manta bai lissafa ba. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, don galibi ruwan zinare na ainihi sai an sassaƙa farantin ƙarfe mai ɗauke da rubutun, a ɗumama shi, a danna siririn ganyen zinaren a jikin takarda. Abin da ya sa irin waɗannan mutane suke cin nasara ke nan: sun san yaren sana'ar, suna ɗauko gaskiya guda su lulluɓe ƙarya da ita. Na biya. Ya turo mini bidiyon inji yana ta fitar da katuna, amma an ɗauka daga nesa, ba a iya karanta sunan kowa.

Daga nan aka shiga gobe, jibi. Yau inji ya lalace, gobe mai yanka takarda bai zo ba, jibi an yi masa rasuwa. Kowace rana kalanda tana matsowa, kuma ya san da haka sarai, don ranar bikin tana rubuce a cikin zanen da ke hannunsa. Wannan ne makaminsa mafi kaifi. Wanda ya sayi takalmi aka yi masa wasa zai iya haƙura ya jira wata biyu, amma katin gayyata yana da ranar da yake mutuwa. Da ya rage kwana goma sha biyu, sai ya ce an gama komai, in cika ragowar kuɗi da na aikawa kafin ya miƙa wa mai kawowa. Na ce ya nuna mini katunan a kiran bidiyo. Ya ce ba ya wajen, yaransa sun riga sun naɗe kaya. Umma tana tambayata kullum, dangin ango suna jiran nasu kason. Na rufe ido na tura.

Ƙunshin ya iso bayan kwana uku. Tun daga nauyinsa gabana ya faɗi. Na buɗe, na ƙirga: 50. Takardar kuwa irin ta ofis ce, na ɗaga ta sama ina hango yatsuna ta bayanta. Ruwan zinaren da na biya wa kuɗin faranti tawada ce kawai ruwan ƙasa-ƙasa, ba ƙyalli, ba tudu, ka shafa da yatsa sumul. Rubutun ya yi dishi-dishi, an yanke gefen furen hagu. Abin da ya fi ƙona mini rai, duk inda harafin ƙ ko ɗ ya fito a cikin addu'ar da muka rubuta, sai ka ga ɗan akwati mai kusurwa huɗu a madadinsa. Ƙanwata ta ɗauki ɗaya ta kalla, ta ce, "Yaya, wannan ne?" Ba ta ƙara cewa komai ba, ta ajiye ta shiga ɗaki. Na kira lambarsa a kashe. Na koma WhatsApp ya toshe ni.

Wani dattijo mai ƙaramar maɗaba'a ne ya cece mu, ya buga mana kati mai sauƙi cikin kwana biyu. Ina zaune a wajensa ya koya mini abubuwan da da na san su tun farko, da tambaya biyu ta isa ta tona asirin wancan. Nauyin takarda da gsm ake auna shi, wato giram nawa murabba'in mita ɗaya na takardar yake. Takardar ofis 80 ce, katin gayyata mai tsayawa da kansa kuwa yakan kama daga 300 zuwa 350. Ya ɗora mini guda biyu a tafin hannu, ya ce, "'Yata, hannu ne ke sanin takarda, waya ba ta sani." Ya ce allon waya da haske yake nuna launi, tsarin RGB, injin bugu kuwa da tawada huɗu yake aiki, wato CMYK, don haka launin da ya haska a waya yakan ɗan dushe a takarda, kuma babu yadda za a haɗa tawada huɗun nan su ba da zinare mai ƙyalli. Zanen da za a buga ana son ya kai 300 dpi, wato ɗigo 300 a kowane inci, a bar masa rarar milimita 3 a kowane gefe saboda yanka, a turo shi a PDF. Hoton da aka tura ta WhatsApp a matsayin hoto kuwa matse shi manhajar take yi, shi ya sa namu ya fito dishi-dishi. Batun akwatunan nan kuma, salon rubutu da yawa na ado ba su da ƙ, ɗ, ɓ, sai an zaɓi wanda yake da su. Mai sana'ar gaske zai gane haka tun a gwajin farko, don yana buga guda ɗaya ya ba ka ka duba ka amince kafin ya saki sauran.

Na ɗauka asarar ta tsaya a kuɗi. Ba ta tsaya ba, kuma wannan ne ainihin dalilin rubutuna. Don a buga sunan kowane baƙo a kan ambulan ɗinsa, na tura masa jerin sunayen mutanenmu, wasu har da lambobin waya, saboda ya ce zai haɗa mana da katin gayyata na waya kyauta ya aika musu. Ana saura kwana biyar biki, ƙanwar mahaifinmu ta kira ni: "Ke, wane asusu ne kuka turo na gudummawa? Na ga ba sunanku ba ne." Saƙo ne aka aika mata da zanen katinmu, da sunan amarya da ango, da rana da wurin taro daidai, a ƙasa an sa lambar asusu. Mutum uku sun riga sun tura kafin mu sanar da kowa. Wa zai yi shakka, alhali komai na cikin saƙon gaskiya ne in ban da asusun?

A kan wannan gaɓa in ƙara jan kunne. Akwai wata damfara da ta yaɗu a Indonesiya a 2023, 'yan sandan Indiya ma suka yi gargaɗi a kanta a 2024: a turo maka fayil ta WhatsApp da sunan katin biki, amma ƙarshen sunansa APK ne. Wannan ba kati ba ne, manhaja ce ta wayar Android. Idan ka buɗe ka ba ta izini, za ta iya karanta saƙonninka, har da lambobin sirri da banki ke turowa. Katin gayyata na waya na gaskiya hoto ne, ko bidiyo, ko PDF. Duk wanda ya ce sai ka girka wani abu kafin ka ga gayyata, share saƙon, ka kira mai bikin da bakinka.

Da hankalina ya dawo na zauna na bi hotunan shafinsa ɗaya bayan ɗaya da Google Lens, manhajar da ke nemo inda hoto ya fito a intanet. Kusan duk wanda na gwada sai ya fito a Pinterest, shafin tara hotuna, ko a shafin wasu masu zane na wasu ƙasashe, wani ma an goge tambarin mai shi an bar tabo a kusurwa. Minti goma wannan binciken ya ɗauke ni, bayan na yi asarar mako biyar. Na kuma danna ɗigo ukun da ke saman shafinsa na shiga bayanin asusun, inda Instagram ke nuna lokacin da aka buɗe shafi da sauye-sauyen sunansa. Ya sauya suna sau shida. Yabon da ke shafin duk hotunan hira ne da shi kansa ya ɗora, babu amarya ko ɗaya da ta ambace shi a nata shafin, kuma ya rufe wajen sharhi a ƙarƙashin hotuna da yawa.

Ba ina cewa duk mai neman kafin alƙalami ɓarawo ba ne. Takarda da faranti kuɗi ne, kuma katin da aka buga da sunan wani ba ya sayuwa ga wani, dole mai sana'a ya kare kansa. Akwai masu aiki daga ɗakinsu da kwamfuta ɗaya, masu amana, waɗanda irin wannan mutum yake ɓata wa suna. Amma ka biya kuɗin samfuri ɗaya tukuna, ya iso hannunka da sunanku a jiki. A rubuta adadi, da girman kati, da gsm, da irin adon, da ranar miƙawa, da jimillar kuɗi gaba ɗaya a saƙo guda, ya amsa da cewa ya yarda. Ragowar kuɗi ya zauna a wajenka sai ka ƙirga kaya. Lambobin baƙinka kuwa kada su bar wayarka, suna kaɗai ya ishi ambulan.

Mun kai rahoto ga banki da hukuma, na haɗa musu rasit da hotunan hirarmu tun daga "Hajiya, ki kwantar da hankalinki." Idan abin ya same ka, ka ɗauki hoton hirar da na shafin nan take kafin a toshe ka, ka sanar da bankinka a ranar, sannan ka aika wa duk wanda sunansa ke cikin jerin da ka bayar cewa ba ku turo wa kowa lambar asusu ba. Mu sai da muka kira mutum sama da ɗari ɗaya bayan ɗaya, a daren da ya kamata a ce muna rubuta sunaye a kan ambulan.