Babbar na'urar goge ƙarfe ko ƙarama mai siririn bel: amsa ga maƙerin wuƙaƙe

Assalamu alaikum. Malam, ka tambaya ko ya dace ka sayi babbar na'urar goge ƙarfe irin ta masana'anta da aka yi maka tayinta da rangwame, mai bel ɗin sanfefa mai faɗin milimita 150 da tsawon mita 2 da inji mai kilowat 4, ko kuwa ka nemi ƙarama irin ta masu ƙera wuƙa, mai bel mai faɗin milimita 50. Tunda ka ce aikinka wuƙaƙen fawa ne da na girki a ƙaramar maƙera nan Maradi, ra'ayina ƙaramar ta fi dacewa da kai.

An ƙera babbar ne domin masu walda da masu haɗa ƙofofi da ƙarafan gini, inda ake son a cinye ƙarfe mai yawa cikin ɗan lokaci. Yawancin irinta gudu ɗaya gare su, wajen mita 30 a daƙiƙa, wasu kuma biyu. A matakin farko, lokacin da kake fitar da siffar wuƙa daga sifirin na mota da sanfefa mai kaushi, mai lamba 36 ko 60, wannan gudu alheri ne. Matsalar tana zuwa ne bayan ka taurara ƙarfen a wuta da mai, ka kuma sassauta shi a zafin da bai wuce digiri 200 da ƴan kai ba. A lokacin kaurin bakin wuƙar bai kai milimita ɗaya ba, kuma siririn ƙarfe ba shi da inda zai kai zafi. Da ya ɗan jima a kan bel mai irin wannan gudu sai ka ga ya yi launin kara, daga nan ya koma shuɗi, wanda ke nuna ya kusa digiri 300. Wurin da ya yi shuɗi ya yi laushi ke nan, kuma mahauci zai gane haka tun a ragon farko, ko da wuƙar tana sheƙi kamar madubi. Tsoma ta a ruwa bayan kowane shafi yana taimakawa, amma bai kai rage gudun ba. Ƙaramar, idan an haɗa ta da na'urar sarrafa gudu, tana ba ka damar saukowa ƙasa da mita 10 a daƙiƙa domin sanfefa mai laushi, mai lamba 220 da 400, da kuma gyaran ƙota, domin itace da ƙaho ƙonewa suke yi a gudu mai yawa.

Faɗin bel ɗin ma abin dubawa ne. Mutum zai zaci milimita 150 sun fi 50 amfani, alhali ƙarfin da hannunka ke dannawa yana bazuwa ne a kan fili mai faɗi, sai cin ya ragu, musamman ga sanfefar siramik wadda ba ta nuna kyanta sai an danna sosai. Ban da haka, a ƙaramar kana iya kaiwa gefen bel ɗin ka fitar da kafaɗar da ke raba kaifi da gindin wuƙa daidai a ɓangarorin biyu, ka kuma sauya farantin da ke bayan bel ɗin da babbar taya ko ƴar ƙarama domin goge lungun da yatsa ke zama a jikin wuƙa. Babbar a rufe take da murfi, ba a yi ta domin wannan ba.

Sai batun wuta, wanda a garinmu shi ne yakan yanke hukunci. Inji mai kilowat 4 yana buƙatar wuta mai layi uku ta bolt 380, don haka sai ka nemi irin wannan mita daga kamfanin lantarki na NIGELEC idan layin ya ratsa unguwarku. Wajen tashi kuma yana jan ninki biyar zuwa bakwai na abin da yake sha a cikin aiki, wato ƙaramin janareta ba zai tayar da shi ba. Kowa ya tuna yadda aka kasance daga watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take turo wa Nijar. Ƙaramar mai kilowat 1.5 zuwa 2.2 tana aiki da wutar gida ta bolt 220 ta hanyar na'urar sarrafa gudun, wadda ke tayar da injin sannu a hankali. Sai dai wannan na'ura ita ce raunin ƙaramar: ƙurar ƙarfe tana kashe ta, zafin bazara da ke haura digiri 40 ma bai bar ta ba, don haka a nemi mai rufaffen akwati, a kafa ta nesa da tartsatsi. A nan babbar ta yi nasara, domin ba ta da abin lalacewa sai boris da makunni.

Kafin ka biya kuɗin kowacce, ka fara tabbatar da inda za ka riƙa samun bel ɗinta, a nan ko a Kano, da kuma lambobin da ake kawowa, domin masu faɗi galibi a kan lambobi masu kaushi suke tsayawa. Ka kuma lura cewa ma'aunin bel na Amurka faɗin milimita 50 ne da tsawon 1830, na Turai kuwa faɗin 50 da tsawon 2000, kuma ba kowace na'ura ke karɓar duka biyun ba.

Da a ce adduna da gatura da fartanyu kake fitarwa da yawa gabanin damina, kuma kana da wuta mai layi uku, da na ce ka karɓi tayin. Ga wuƙa kuwa, gara ka sa kuɗin a inji mai kilowat 1.5 da na'urar sarrafa gudu da tayoyi masu kyau, ka ba ƙwararren mai walda ya haɗa maka gangar jikin da ƙarfe mai kauri, ka tsaya a kansa har tayoyin su hau layi ɗaya, in ba haka ba bel ɗin zai riƙa zamewa gefe.