Ƙaramin tanderun lantarki da kayan koyon kulwazone: abin da ya yi kyau da abin da ya gaza

Kulwazone ita ce dabarar kafa siraran wayoyi a kan ƙarfe, su zama ɗakuna-ɗakuna, a cika su da garin gilashi mai launi, a gasa har ya narke ya kama. Tsohuwar sana'a ce ƙwarai: zobban zinariya shida da aka tono a Kukiliya ta tsibirin Saifurus, na ƙarni na 13 kafin haihuwar Annabi Isa, da ita aka ƙawata su. Maƙeran tsohuwar daular Bizantiya kuma suka kai ta maƙura a kan zinariya.

Kunshin da ake sayar wa masu koyo yana zuwa da tanderun kan tebur, faifan jan ƙarfe, wayar azurfa zalla, garin gilashi, rariya da hantsaki. Tanderun dai ya cancanci yabo. Yana riƙe zafin digiri 800 a ma'aunin Celsius ba ya tangal-tangal, gashi ɗaya minti biyu zuwa uku ya ishe shi.

Takardar bayanin ce ta yi sakaci, kuma sakacin yana ɓata aiki. Ba ta ce a fara shimfiɗa gilashi marar launi a kan faifan kafin a ɗora waya ba. Azurfa ita kaɗai sai digiri 961 take narkewa, amma idan ta taɓa jan ƙarfe kai tsaye, haɗinsu yana narkewa tun a wajen 780. Sai a buɗe tanderu a tarar wayar ta nutse, zanen ya tafi. Ba ta kuma ambaci shafa gilashi a bayan faifan ba, alhali ƙarfe ya fi gilashi tsukewa idan yana hucewa, don haka in fuska ɗaya kawai aka shafa sai gilashin ya tsage. Abin takaici ne, domin layi biyu ya isa a gargaɗi mai koyo.

Garin yana da kyau, amma sai an wanke shi da tataccen ruwa, ana zubar da farin ruwan da ke tasowa har ya yi garau, in ba haka ba launuka masu ɗaukar haske su fito da hazo. A zuba shi kaɗan-kaɗan, a bar shi ya bushe sarai a kan tanderu, don danshi yana sa shi tartsatsi. Ja ya fi saurin ƙonewa, a bar shi sai gashin ƙarshe.

Babu dutsen goge fuskar aiki a ciki, sai an saya daban. Kunshin ya dace da wanda yake da malami a kusa.